Teburin Kakanni Ba Ya Ɗaukar Goggo

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Na kai miki abinci. Faten shinkafa da tumbin kifin sabahi, na cire ƙayar tas, na sa citta da yawa yadda kike so. Na ajiye ruwan wanke fuska da buroshinki a gaban allon da ke tsaye a madadinki, na kunna turaren tsinke, na ce, "Pik-ha, tashi, gari ya waye." Haka ake yi wa mamaci safe da yamma har a cika bakwai bakwai, wato kwana arba'in da tara. A-so, matar yayanki, ta bar min aikin tun rana ta biyu. Ta ce gwiwarta na ciwo. Na gode wa gwiwar nan.

Allon yana gidan Yaya Tiong-gi, a kan ƙaramin teburi bayan ƙofa, nesa da babban teburin kakanni. Sunanki ne kawai a jiki. Ya yi shiru da yawa. Ke kuwa tunda na san ki ba ki taɓa yin shiru ba, ko a barci.

Lauya Pan ce ta ce in riƙa rubutu. Na ce mata a firamare na tsaya. Ta ce ba jarrabawa ba ce. To ga shi ina yi, kuma ban san wa zan yi wa magana ba in ba ke ba.

Laraba, da yamma

Ban buɗe rumfar abincinmu ba. Na je kasuwa dai, na tsaya, na dawo.

Ranar jana'iza an ba ni tawul. Kowane baƙo da ya zo gaisuwa ana ba shi ɗaya a cikin kwali. Yarinyar da ke rabo ba ta san ni ba. Ta miƙo da hannu biyu, ta ce an gode da zuwa. Shekara talatin da ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya, an gode min da zuwa. Na karɓa. Yana kan firiji.

Abin da ya faru a asibiti ba zan rubuta ba.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan abincin yamma

Ina kwashe kwanukanki Yaya ya ce, "A-Lian, zauna ki sha shayi." Kin san in Yaya ya ce a sha shayi, magana ce.

Ya ce, "Ranar cika bakwai bakwai za mu kai ta dutse, wurin matan nan masu ibada. Can ake ajiye allunan matan da ba su yi aure ba. Wuri ne mai tsabta, ana yi musu karatu safe da yamma."

Na ce, "Ba ta cin ganye, Yaya."

"Ke ma dai!"

"Ba kifi, ba nama, ko tafarnuwa ba sa sawa. Kwana biyu za ta yi ta gudo."

Ya soma dariya, sai ya kama kansa. Ya ce, "Kin san maganar tsofaffi, teburin kakanni ba ya ɗaukar goggo, 'yar gidan da ba ta yi aure ba. 'Ya mace a gidan mijinta take shan turare. Ba ni na kafa ba. In na sa ta a nan, jikokina ne za su yi ta ciwo."

"Ban ce ka sa ta a naka ba. Ka ba ni ita. Gidanta na nan a saman rumfa, takalmanta na bakin ƙofa."

Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "A matsayin wa? Ba a ba wa ƙawa allo. Gari zai ce gidan Khu sun jefar da 'yarsu. Ba kuna kotu ba? Kawo min abin da alƙali ya ce. In hukuma ta ce ke iyalinta ce, ni wane ne?"

Ba mugu ba ne, kin sani. Shi ya ɗauko mana firiji a kafaɗa har sama. Tsoro ne da shi.

Asabar, da asuba kafin in fita

Na kai miki abinci jiya, zan kai yau.

Litinin, 16 ga Satumba, da rana

Na buɗe rumfa. Hannu ya tuna aikinsa ko da zuciya ba ta zo ba. Sau biyu na juya in ce miki miƙo ludayi.

Na kira Lauya Pan. Na ce mata yanzu shari'ar nan ba ta taurin kanki ba ce, tawa ce. Don gaskiya ke kika ja ni. Bara, bayan ciwonki na farko, kika sa rigar nan mai furen rawaya kika ce mu je ofishin rajista a rubuta mana aure. Ma'aikaciyar ta yi ta ba mu haƙuri, ta ce na'urar ba ta karɓar mace da mace. Kika ce, "To 'yar nan, a canza na'urar mana, mu dai ba za a canza mu ba, mun tsufa." Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan aka yi ƙara, aka yi ta ɗagawa.

Lauya ta ce za a zauna ran ɗaya ga watan gobe. Ta ce kada ta ɓoye min, tunda ɗayanmu ba ta nan, za su iya rufe ƙarar. Amma in akwai idon jama'a a kai, alƙalai ba sa saurin rufewa. Wani ɗan jarida ya yi mata alkawari zai zo, ta kuma aika wa gidajen talabijin.

Laraba, da rana

Talabijin ɗin Bong-chi, mai kayan miya da ke gefenmu, tun safe yake nuna jaririyar panda, dabbar nan mai baƙin zobe a ido, da aka haifa a gidan namun daji na Taipei. Ta ƙara nauyi. Ta yi hamma. An kira wani likita ya yi bayanin hammar.

Na ce, "Bong-chi, canza mana tasha ko za su faɗi wani abu na kotu."

Ta canza. Panda. Ta sake. Wani mawaƙi ya saki matarsa. Ta sake. Wani mai babur ya faɗa rami, an maimaita faɗuwar sau biyar.

Ta ce, "Ke A-Lian, in kina so a nuna ki, shafa baƙin tukunya a ido ki kwanta ki yi hamma."

Na yi dariya har da hawaye, sai hawayen suka ƙi tsayawa. Ta bar rumfarta ta zo ta sallami masu cin abinci, tana zaginsu wai sun cika tambaya.

Alhamis, 19 ga Satumba, da magariba

Bikin cikar wata. Kowace ƙofa ana gasa nama, hayaƙi ya cika layi. Na sayi babban lemo, na yanka ɓawon yadda kike yi, ya fito kamar hula. Duk shekara kikan kifa min shi a ka, ki ce na fi kyau haka. Yau na riƙe shi a hannu ban san kan wa zan sa ba.

Na kai miki gwangwanin giya ɗaya a ɓoye cikin jaka. A-so ta gani ta kau da kai.

Lahadi

Guguwa. Ba kasuwa. Na je na kai miki abinci, ruwa har gwiwa.

Alhamis, 26 ga Satumba, da yamma

A-bu, mahaifiyarki, ta kira ni ɗakinta. Ta rame, idon ma ya ƙara dushewa, amma bakin na nan. Ta ce ta yi mafarkinki kina tsaye a cikin ruwan sama, ba ƙofar da za ki shiga.

Ta ce, "Ba za a kai min 'ya dutse cikin baƙi ba. Gida za a nema mata."

Na ce, "Ai shi nake ta faɗa, A-bu."

Ta shafa fuskata da hannu, ta ce na rame, in riƙa ci.

Talata, 1 ga Oktoba, a jirgin ƙasa, ina dawowa

Na sa rigarki mai furen rawaya. Ta yi min yawa a kafaɗa.

Ɗakin kotun ƙarami ne, da sanyi. Akwai benci a baya na 'yan jarida da 'yan kallo. Mutum ɗaya ne a kai, wani tsoho da na tabbata sanyin na'ura ya zo sha, don kafin a fara ya yi barci. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai in waiwaya.

Alƙali ya ce, "Ina mai ƙara ta biyu?" Lauya Pan ta miƙe ta faɗa masa. Ya rubuta. Ta yi magana mai kyau, ban fahimci rabinta ba, amma na ji ta ce shekara talatin da ɗaya. Sai aka tambaye ni ko ina da abin cewa. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta cin ganye." Suka dubi juna. Aka ce za a sanar da mu.

A waje Lauya ta kira ɗan jaridar. Ina jin muryarsa yana ba da haƙuri. Wai shugabansa ya tura shi wani wuri. Wai an ce labarin tsofaffin mata biyu ba ya sayar da jarida, balle ɗaya ta rasu, ba hoton da za a ɗauka. Ta kashe wayar, ta yi wata ashar da ban yi zaton masu karatu sun sani ba. Ta saya min abinci a kwali. Ga shi a cinyata ya huce.

Laraba, da safe

Na sayi jarida uku. Na bi da yatsa layi layi har tallan magani. Ba mu ciki.

Alhamis

Ba mu ciki.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da yamma

A-so ta biyo ni har bakin babur. Ta ce, "A-Lian, matajinta na wurinki?"

Na ce me za a yi da shi.

Ta dubi ƙasa. Ta ce, "Gashi ake so. A-bu ta ce a yi jan ambulan."

Tun muna yara ake ja mana kunne, in ka ga jan ambulan a hanya kada ka taɓa. A ciki akwai gashin wata da ta mutu ba aure. Namijin da ya ɗauka ya zama mijinta, 'yan uwanta su fito daga maɓoya su ce sannu suruki, a kai allonta gidansa, shi da 'ya'yansa su yi ta kunna mata turare. Na ɗauka an daina wannan tun zamanin kekuna.

Na ce, "Miji? Pik-ha? Wadda ta watsa wa ɗan aiken aure ruwan wankin kifi?"

"Ni ma na faɗa. Yayanta ya ce ba mai ɗauka yanzu, a yi wa tsohuwa abin da take so, in ba a samu ba sai dutse."

Na ce ban san inda matajin yake ba. Yana ƙarƙashin matashina.

Litinin, 7 ga Oktoba, da rana

Lauya Pan ta kira. Ta ce ta sami labari, za a rufe. Ba su ce mun yi daidai ba, ba su ce mun yi kuskure ba. Sun ce aure na mutum biyu ne, mai ƙara kuwa saura ɗaya. Ta ce wasu za su sake shigarwa, wata rana sai an yi nasara. Na ce na yarda. Muryarta na rawa, ni na koma ba ta haƙuri.

Wata rana. Juma'a ake cika bakwai bakwai.

Talata, da yamma

A-bu ta sake kira na. Ta ce, "Kawo matajin, yarinyar nan." Shekarata hamsin da tara, har yau yarinyar nan.

Na ce, "A-bu, kin san abin da kike roƙo na?"

"Na sani. Ni makauniya ce, ba wawuya ba. Shekara talatin kuna zuwa min da tukunya ɗaya." Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Jibi da hantsi za su ajiye, a bakin gada, gindin babbar bishiyar nan. Ɗana ba ya jin maganar kotu, ba ya jin tawa, amma yana tsoron al'ada. Kina ji na?"

Na ce ina ji.

Na kai matajin. Na cire silin gashi biyu na bar wa kaina.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da la'asar

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na bar wa Bong-chi rumfa. Ban ma cire takalman roba da rigar aiki ba. Na tsaya a bayan shagon faci ina hangen gada. Ambulan na kwance a ƙasa, ja wur. Motar Yaya na gefen bishiya, shi da A-so sun noƙe a ciki kamar ɓarayi.

Na yi ta tunanin gari zai gani. Shekara talatin da ɗaya ina ce wa mutane abokiyar sana'ata ce. Masu wucewa na ganin ambulan suna kewaye shi kamar kashi. Wani ma har da tofar da yawu.

Sai ga wani mai kai tukwanen gas, ba ɗan garin nan ba ne. Ya rage gudu. Ya tsaya. Ya duba hagu da dama, ya sauke ƙafa ɗaya, ya sunkuya.

Pik-ha, na yi gudu. Ni da wannan ƙugun. Takalmi ɗaya ya fice ban tsaya ba. Ina ihu, "Kai! Kai, bari! Tawa ce!" Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Na faɗa a kan gwiwa na damƙe.

Yaya ya fito yana ɗaga hannu. "A-Lian, ajiye! Mace ba ta ɗauka!"

"Na riga na ɗauka."

"Ba ya cikin lissafi!"

"Wa ya ce? Cewa aka yi wanda ya ɗauka."

Mutane sun taru. A-so ta zo da takalmina a hannu, tana dariya tana share ido. Ta ce da ƙarfi, kowa na ji, "To, sannu suruki." Yaya ya ce ta rufe masa baki. Mai gas ya ce shi dai yana da mata da 'ya'ya uku, ya ja babur ɗinsa.

A gida A-bu na zaune a falo, ta sa kayan fita, kamar mai jiran baƙi. Yaya ya yi ta faɗa. Ta bar shi ya gaji, sannan ta ce, "Kun tambayi alƙali, kun tambayi gari. Mai allon fa? Ku tambaye ta."

Aka kawo sulalla biyu, yadda ake tambayar sabon mamaci. In ɗaya ya faɗi ta fuska ɗaya ta baya, ta yarda. In duka baya ne, ta ƙi. In duka fuska ne, dariya take. Babbar magana sai an samu yarda sau uku a jere.

Yaya ya kunna turare ya ce, "Ƙanwata, ranar Juma'a za mu kai ki dutse, kin yarda?" Ya saki. Duka fuska. Ya sake tambaya. Duka fuska.

A-so ta ce, "Ita ce kuwa. Ko a can ba ta daina yi maka dariya ba."

Ya juyo gare ni, ba da faɗa ba wannan karon. Ya ce, "To ke in kin mutu fa? Ba ki da ɗa. Wa zai kunna mata turare? Wannan ne ke hana ni barci, ba surutun gari ba."

Na ce, "Ranar sai ku kai mu dutsen tare, ku jera mu. Amma yanzu ina da rai, Yaya, kuma ina da hannu."

Ya miƙo min sulallan. Na durƙusa. Ban iya dogon kira irin nasa ba. Na ce, "Pik-ha, ni ce. Mu tafi gida?"

Fuska da baya.

Na sake. Ɗaya ya yi ta juyi kafin ya kwanta. Fuska da baya.

Na uku hannuna ya ƙi buɗewa. Na ce ba zan iya ba. Yaya ya karɓa, ya ce, "Pik-ha, ki faɗa min gaskiya, kada ki yi min wasa." Ya saki. Suka gangara bayan ƙafar teburi, ta wajensa. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ni ban hango ba, A-so ba ta hango ba. Sai ya kwashe su ya sa a aljihu.

A-bu ta ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "A-Lian, gobe ki zo da baƙar laima. Ki zo da wuri, kafin rana ta yi zafi."

Ban tambaye shi ba. Ba zan taɓa tambayarsa ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da azahar

An yi karatun cika bakwai bakwai, aka ƙona miki kuɗin takarda. Yaya da kansa ya ɗauko allon ya sa min a hannu, bai dube ni ba. Ya ce a riƙa kawo ki gaida A-bu. A-so ta riƙe mana laima, don rana ba ta taɓa mamaci.

Da ƙafa muka zo. Dole a riƙa faɗa miki hanya don kada ki ɓata, kuma da ƙarfi ake faɗa. Na ce, "Pik-ha, za mu fita ƙofa." Na ce, "Za mu karya kwana, biyo ni." Na ce, "Gada ce, kada ki ji tsoron ruwa." Muka ratsa ta tsakiyar kasuwa, don ba wata hanya. Bong-chi ta kashe talabijin ɗinta. Masu kifi suka ajiye wuƙaƙe. Ni kaɗai nake kiran sunanki a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba kina da rai.

Na ce, "Matakala ce, a hankali."

Na ajiye ki a kan teburin da ke bakin taga, inda kike zama ki leƙa layi. Na zuba abinci, na kunna turare, na ce mun iso.

A-so ta tafi. Ɗakin ya yi tsit kamar jiya. Na ɗauka zai bambanta.

Ban rufe ƙofar ba tukuna. Na san halinki, ba kya ratsa kasuwa ba ki tsaya hira ba. Ina nan zaune, abincin bai huce ba.